Na tara tsofaffin yadudduka, amma na kasa sa masu almakashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 34, na iya ɗinki daidai gwargwado kuma ina da keke a gida. Shekara 3 da suka wuce mahaifiyata ta rasu, aka ba ni akwatinta na tsofaffin zannuwa da yadudduka, waɗansu ma ba a taɓa ɗinka su ba. Tun daga lokacin son tsohon yadi ya kama ni, duk inda na ga gwanjo sai na tsaya na zaɓi labule ko zanin gado ko riga mai kyawun zane, da niyyar in mayar da su jakunkuna da rigunan matashi da bargon yara. Yanzu kayan sun cika kusurwar ɗaki. Maigidana ya fara ƙorafin wari da cunkoso, yayata kuma tana cewa araha ba ta ado, me zan yi da tsumman da wasu suka yar. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ɗinka wa 'yata riga da wani zanin mahaifiyata, wanki ɗaya aka yi ta yage a hammata, launin kuma ya zuba ya ɓata farin wuyan. Ranar na yi kuka sosai. Tun daga nan ban ƙara yanka komai ba, amma ban daina saye ba. In zubar da kayan ne, ko yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya ba ku haƙurin rashinta. Kada ki zubar da kayan, amma kuma kada ki ci gaba da barin su yadda suke, domin zaman akwati ba ya tsare yadi. Zanin da aka ninke aka ajiye shekara da shekaru yana mutuwa ne a hankali: layin ninkin yana rauni har ya tsage da kansa, katako da kwali suna sa masa jan tabo, danshi yana kawo fumfuna, asu kuma yana cin rabonsa a cikin duhu. Saboda haka tsoron da ya hana ki taɓa su bai cece su daga komai ba, ya dai hana ki jin daɗinsu ne kawai.

Abin da na fara lura da shi a wasiƙarki shi ne kin haɗa kaya iri biyu a tuli ɗaya, kina kuma yi masu kallo ɗaya. Zannuwan mahaifiyarki ba su da madadi, kuma daidai ne hannunki ya yi nauyi a kansu. Labulen gwanjo kuwa ba shi da wannan matsayi, in ya lalace a hannunki kin yi asarar ɗan abin da kika biya ne, kin kuma sami darasi. Kuskurenki na farko shi ne kin fara koyo a kan abin da ya fi komai daraja a wurinki, sannan da ya ɓaci sai tsoron ya bazu har kan kayan da aka saya domin gwaji. Ki raba su tun yau. Na mahaifiya su koma gefe guda, kada almakashi ya kusance su sai kin gama abu uku da na gwanjo, kin wanke su, kin ga sun tsaya.

Rigar 'yarki ba rashin iya ɗinki ne ya yaga ta ba. Rigar yarinya tana cikin ayyuka mafi wahala da za a ɗora wa yadi, domin ana wanke ta kullum, ana ja, ana murzawa, kuma hammata ita ce inda duk ɗaga hannu yake sauke nauyinsa. Audugar da ta shekara talatin ko arba'in tana iya zama da kyawun gani, launinta a raye, alhali zarenta ya riga ya gaji. Idan kuma kin ɗinka ta da zaren foliyesta mai ƙarfi, da ɗinki ƙanana a jere, to kin yi wa yadin layin huji ne kamar na takardar rasit, zaren ya fi yadin ƙarfi, sai ya yanka shi a daidai inda allura ta bi. Wannan ne ya sa nake gaya wa duk mai son wannan aiki cewa ba ke za ki zaɓa wa tsohon yadi abin da zai zama ba. Sai kin bincike shi tukuna, shi ne zai nuna maki iyakar abin da zai iya ɗauka.

Binciken ba shi da wuya. Ki buɗe yadin gaba ɗaya ki ɗaga shi a gaban taga da rana, ki duba shi taki bayan taki. Haske zai nuna maki ƙananan hujin asu da wuraren da suka sirance, waɗanda ba za ki taɓa gani ba idan yana shimfiɗe a kan tebur. Duk inda kika ga rauni ki zagaye shi da alli. Sannan ki kama wani gefe da manyan yatsunki biyu kusa da juna ki ja a hankali, ta tsawo da ta faɗi, ki maimaita a tsakiya da kan layin ninki. Yadi mai rai yana turjewa. Wanda ya mutu za ki ji yana ba da kai, wani lokaci da ɗan sauti kamar na busasshen ganye, har ki ga gari-gari a yatsunki. Irin wannan ba ya gyaruwa, kuma babu shafin da zai mayar da shi riga. Na taɓa ɗinke jaka sukutum da wani labule mai furanni wanda ban ɗaga a haske ba, sai da na zo juya ta na ga yatsana ya fito ta gefe, saboda rana ta riga ta ƙone yadin a layi-layi, daidai inda lanƙwasar labulen take fuskantar gilashi. Tun daga ranar nake fara duba labule ta bayansa.

Kowane irin kaya yana da inda yake tsufa da inda yake ajiye ƙarfinsa. Zanin gado yana cinyewa a tsakiya, gefunansa kuwa sau da yawa kamar sababbi suke. Rigar maza tana mutuwa a wuya da bakin hannu da hammata, amma bayanta fili ne mai kyau wanda zai ba ki murabba'i babba. Wandon jins yana lalacewa a gwiwa da tsakanin cinya, bayan ƙafafunsa kuma ya isa a yi gindin jaka da shi. Labulen da aka yi wa shafi ya fi wanda ba shi da shi lafiya, domin shafin ne ya sha ranar.

Bayan ƙarfi, sai ki san da me aka saƙa shi, tunda tsofaffin kaya ba kasafai suke zuwa da takardar bayani ba. Ki yanko ɗan ƙyalle kamar faɗin farce daga cikin kalmasa, ki riƙe shi da hantsaki a kan kwanon ruwa, nesa da yara da sauran kayan, ki kusanta masa wuta. Auduga da lilin suna ci da sauri, suna warin takarda, suna barin toka mai laushi. Ulu da siliki suna warin ƙonannen gashi, suna barin baƙin dunƙule wanda yake murƙushewa a tsakanin yatsu. Nailan da foliyesta kuwa narkewa suke yi, su bar ƙwallo mai tauri kamar roba. Wannan sani yana da amfani a wurin wanki da guga da haɗi, kuma yana ba ki haske a kan shekarun kayan, domin an ƙirƙiro nailan a 1935 a Amurka, foliyesta kuma a 1941 a Ingila, saboda haka duk abin da ya narke a wuta bai kai tsufan da mai sayarwa zai iya faɗa maki ba. Idan kika ci karo da tsohon siliki mai tsagewa a tsaye kamar an sa masa reza, ki bar shi a inda kika gan shi komai kyawunsa. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 masaƙu sun riƙa jiƙa siliki da gishirin ƙarfen kuza domin ya ƙara nauyi, kuma wannan sinadari ne yake cin zaren daga ciki har yau.

Zubar launi ita ce ta ɓata maki farin wuya, kuma gwajinta minti biyar ne. Ki jiƙa farin ƙyallen auduga, ki ɗora a kan kowane launi na yadin, ki danna da dutsen guga mai ɗumi. Idan ƙyallen ya ɗauko launi, wannan yadi yana zuba. Ja da shuɗi mai duhu su ne suka fi yin haka. Ki wanke shi shi kaɗai a ruwan sanyi sau da dama har ruwan ya fito fes, idan kuma ya ƙi dainawa, to kada ki haɗa shi da fari ko mai haske a ɗinki ɗaya. Za ki ji ana cewa gishiri yana kama launi. Kada ki dogara da wannan a kan audugar da aka rina a masana'anta, domin ba ya hana ta zuba.

Yanzu batun maigidanki. Yana da gaskiya, kuma ina so ki saurare shi da zuciya ɗaya. Warin da yake ji ko dai na fumfuna ne ko na kafur, kuma babu wanda ya dace a kwana ana shaƙa a cikinsu. Kayan gwanjo kuma suna iya shigo da ƙwan asu ko kuɗin cizo, su bazu zuwa sauran tufafin gidan. Doka ta farko ita ce duk abin da aka sayo ya wuce wurin wanki kai tsaye a cikin leda ɗaure, kada ya shiga ɗaki. Auduga da lilin masu ƙarfi waɗanda ba sa zuba a wanke su da ruwan zafi na digiri 60, domin wannan zafi yana kashe ƙwarin da ƙwansu. Ulu da siliki da masu surfani, waɗanda ba sa jure zafi, a ɗaure su a leda a busashe a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri na tsawon mako guda, sannan a bar su su huce a cikin ledar kafin a buɗe. Zannuwan mahaifiyarki kuwa ki wanke su da hannu, a ruwa mai sanyi da sabulu marar ƙarfi, ki jiƙa ki danna ba tare da cuɗa ko murɗawa ba, ki ɗauko su da hannu biyu domin jiƙaƙƙen yadi yana da nauyin da zai iya yaga kansa, ki shanya a inuwa inda iska take kaɗawa. Kada bilic ya taɓa ulu ko siliki, domin narkar da su yake yi, kuma a kan tabon tsatsa ƙara kafa shi yake yi. Tabon da ya ƙi fita a bar shi, a yanka a kewaye shi.

Tunda kin ambaci bargon yara, akwai abin da ba zan tsallake ba. Yadin da ya daɗe a cikin kafur kada ya kusanci jariri sai warin ya fita gaba ɗaya bayan wanki da shanya, domin sinadarin naftalin da ke cikinsa yana iya fasa jajayen ƙwayoyin jinin jarirai, musamman waɗanda aka haifa da ƙarancin wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini da ake kira G6PD. Kada kuma ki sa maɓalli ko duwatsun ado a kan abin da ƙaramin yaro zai iya kai wa baki.

Ki zauna da maigidanki ki gaya masa abin da kika shirya: akwati ɗaya na mahaifiya, kanta ɗaya ta kayan aiki, kuma abin da bai shiga nan ba zai fita daga gidan. Bayan binciken da na faɗa maki, tulin zai ragu da kansa. Mataccen yadi ya zama na goge-goge, wanda yake da lafiya amma ranki bai kwanta da shi ba ki ba mai bukata. Sayen kuma ki dakatar da shi har sai kin gama abu uku. Ina faɗin wannan da tausayi, domin ina ganin sayen nan yana da alaƙa da rashin da kika yi. Duk zanen da ya yi kama da na zamanin mahaifiyarki yana kiran ki, kuma tsayawa a zaɓa yana kawo ɗan sauƙi na lokaci kaɗan ba tare da haɗarin ɓata komai ba. Amma sauƙin da kike nema ya fi samuwa a zaman ɗinkin, lokacin da yadin yake ratsa yatsunki.

Maganar yayarki cewa araha ba ta ado tana da gurbinta a wani wuri, amma tarihin ɗinki bai goyi bayanta a nan ba. A yankin Bengal, tsakanin Indiya da Bangladesh, mata sun daɗe suna jera tsofaffin zannuwan sari hawa-hawa, su bi su da ɗinkin hannu mai sauƙi har su zama bargon da ake kira kantha. A arewacin Japan manoma sun riƙa yin faci a kan faci da ƙyallayen shuɗi, abin da ake kira boro, wanda a da ake ɓoyewa saboda kunyar talauci, yau kuma yana rataye a gidajen tarihi. Matan wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka sun yi barguna da tsofaffin tufafin aikin gona, kuma a 2002 aka baje su a manyan gidajen zane na Houston da New York. A Birtaniya ma, lokacin da aka taƙaita sayen tufafi daga 1941 saboda yaƙi, gwamnati ce da kanta ta riƙa koya wa mutane gyara da sake ɗinka tsofaffin kaya. Akwai darasin sana'a a cikin waɗannan misalai wanda ya shafe ki kai tsaye: kantha da boro duk ba su dogara da falle ɗaya ba. Suna ɗora mai rauni a kan mai ƙarfi, su ɗinke su da layuka kusa da juna, sai nauyin ya rarrabu a ko'ina maimakon ya taru a kan ɗinki guda. Haka za ki yi da zannuwan mahaifiyarki idan lokacinsu ya zo.

Sai dai ban ba ki wannan tarihi domin ki je ki ci yayarki da gardama ba. Ita ma uwa ta rasa, kuma mai yiwuwa ganin zanin da ya yage ya sosa mata rai fiye da yadda ta nuna. Kafin ki yanka wani daga cikin manyan zannuwan, ki kira ta ku buɗe akwatin tare, ta zaɓi wanda take so a bar shi yadda yake. Ni ma shawarata ita ce ku bar ɗaya ko biyu cikakku, waɗanda kuka fi tunawa da ita a cikinsu. Ki wanke su, kada ki sa masu sitati domin yana jawo ƙwari, ki naɗe su a cikin wankakken farin yadin auduga maimakon leda, ki riƙa fito da su kina sauya ninkin bayan 'yan watanni.

Aikin farko ya zama rigar matashi, da labule ko zanin gadon gwanjo. Idan matashin santimita 40 ne kowane gefe, ki yanka gaba 42 da 42, baya kuma falle biyu masu 42 da 28. Ki kalmashe gefe ɗaya mai tsawo na kowane falle da santimita 2, ki ɗora su a kan juna su haɗu a tsakiya, ki zagaye da ɗinki kina barin santimita 1, ki juya. Babu zik, babu maɓalli. Ki tabbata kin bi tsayuwar zaren yadin wajen yanka, domin abin da aka yanka a karkace yana murɗewa bayan wanki. Ki sa sabuwar allura, lamba 70 ga yadi marar kauri, 80 ga matsakaici, 100 ga jins, ki buɗe tsawon ɗinkin zuwa kusan milimita 3, ki yi amfani da sabon zaren auduga. Tsohon zaren da ake samu a gwangwanin ɗinkin iyaye yana da kyau a ido, amma shi ma ya gaji, ki ja shi ki gani, in ya tsinke da sauƙi to na ado ne kawai. Bayan matashi sai ƙaramar jakar hannu mai shafi, wadda sabon yadi mai kauri zai ɗauki nauyin maɗaukinta, tsohon kuma ya zauna a fuska. Duk sabon yadin da za ki haɗa da tsoho ki wanke shi tukuna, domin sabo yana tsukewa a wankin farko, tsohon kuwa ya riga ya gama nasa, kuma in ba ki yi haka ba sabon zai ja tsohon har ya yage. Na uku sai ɗan bargo na murabba'ai masu santimita 12, inda za ki haɗa masu kauri ɗaya da juna, auduga da auduga.

Ina fata ba ki yar da rigar 'yarki ba. Ki ɗauko ta ki farke ɗinkin a hankali, ki ɗaga kowane ɓangare a haske, za ki sami wurare da yawa da suke da lafiya, musamman ƙasan rigar. Ki yanko murabba'i huɗu ko shida, ki shimfiɗa kowanne a kan sabon farin yadin da aka wanke, ko mai duhu idan har yanzu yana zuba, ki bi shi da ɗinkin hannu layi-layi, tazarar faɗin yatsa tsakanin kowane layi. Daga ciki za a sami fuskar matashi biyu, ɗaya na ɗakin 'yarki, ɗaya na yayarki. A bayan kowanne ki ɗinka ɗan farin ƙyalle, ki rubuta sunan mahaifiyarku da zare, da shekarar da kika yi aikin, domin yarinyar ta san zanin wa take jingina a kai.